Yadda ɗan sakandare zai gyara Turancinsa da hirar kaka, biro da yankakken kwali

Ƙannena 'yan sakandare, musamman ku da ke SS2 da SS3 nan Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yauri har Zuru, zancen nan kun riga kun san shi ba sai na ja ba. In ba ka da kiredit a Turanci, wato C6 zuwa sama, to ko A ka kwashe a sauran darussa takardar ta tsaya, jami'a ba za ta ko kalle ka ba, sannan ga JAMB can tana jiranka da tambaya 60 na Turanci zalla cikin 180 ɗin da za ka amsa. Abin da nake yawan gani shi ne yaro ya haddace ma'anar noun da verb tsaf, ka tashe shi daga barci zai karanto maka, amma ka ce ya rubuta labari mai kalma 450 irin wanda WAEC ke nema sai ya yi layi huɗu biro ya tsaya. Ƙwaƙwalwa kam yana da ita. Matsalar bai taɓa ɗaukar Turancin ya faɗi wani abu nasa na kansa da shi ba, kullum jimlar cikin littafi yake maimaitawa, su John da Mary da bai san gidansu ba.

Hanyar da zan nuna maka ba ta cin kuɗi. Sabon littafin rubutu guda ɗaya wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba, biro, kwalin sabulu ko na shayi da za ka yayyanka, sai kuma babban kayan aikin, tsoho ko tsohuwar da ke gidanku. Waya in akwai ta ƙara armashi, in babu ba komai.

Ka fara da zama wurin kaka

Sau ɗaya a mako ya isa, bayan la'asar ko bayan isha'i lokacin da ta shimfiɗa tabarma ba ta da abin yi. Kar ka faɗo mata da littafi a hannu kamar ɗan ƙidaya, ka gaishe ta yadda ya kamata, in da hali ka riƙo mata goro ko na ɗari biyu ne, ka ɗan tsokane ta irin wasan jika da kaka, kai namiji ka ce matata yau ba a yi mini tuwo ba, ke mace ki ce wa tsohon angona ya aka yi ka ƙi kawo cefane. In an yi dariya baki ya buɗe sai ka shigo da tambaya. Kuma ka nemi izini kafin ka danna rikodin, wasu tsofaffin ba sa son a ɗauki muryarsu, in ta ce a'a ka mai da wayar aljihu ka saurara da kunne.

Mi za ka tambaye ta? Abin da ya faru tana budurwa ko tana amarya. Akwai dalili. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa in mutum ya tsufa, abubuwan da ya fi tunawa dalla-dalla su ne waɗanda suka faru tun yana wajen shekara 10 zuwa 30. Shi ya sa za ka ga Inna ta manta inda ta aje carbinta da safe, amma ta lissafo maka sunayen ƙawayen da suka raka ta ɗakin miji har da kalar zanen da kowace ta ɗaura. To can za ka nufa. Tambaye ta shekarar da aka canza kuɗi, 1973 kenan, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Daga nan ne ma har yau za ka ji dattijo a kasuwa yana ce wa naira 200 jaka guda, don a da fam 100 ne jaka. Tambaye ta farin da aka yi a waɗannan shekarun, mi aka ci, ina aka samo hatsi, wa ya taimaki wa. Tsohon kuma tambaye shi ranar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama a 1972, ko yadda aka riƙa kwasar yara ana kai su boko lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta, a 1976 wasu iyayen na ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu, ko ranar da aka cire Kebbi daga Sakkwato a watan Agustan 1991. In ɗan Argungu ne ba sai ka sha wahala ba, ambaci Matan Fada kawai, kogin da ake bikin kamun kifi, da homa da gora, ka gyara zama.

Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka ce mata "kin tuna kaza?" Wanga tambaya jarrabawa ce, in ba ta tuna ba sai ta ji kunya ta ja bakinta ta yi shiru. Ka ce "Inna ba ni labarin lokacin da…" ka bar ta ta bi hanyar da ta ga dama. In ta maimaita labarin da ta ba ka makon jiya kar ka katse ta, kai ma riba ce gare ka, za ka ji dalili nan gaba.

Yanzu sai Turancin

Da ka tashi daga wurinta, a daren nan ba gobe ba, buɗe littafinka ka rubuta jimla biyar kacal da Turanci kan abin da ka ji. Biyar na ce. Kar ka ɗauko maganarta kalma bayan kalma kana juyawa, nan ne ake samun Turancin da in an karanta sai a ji Hausa ce ta sa kwat. Ka rufe ido ka tambayi kanka mi ya faru, wa ya yi, ina, sai kuma mi ya biyo baya, ka faɗe shi da gajerun jimloli. Misali a ce ta ba ka labarin wata maƙwabciya da ta ba su dawa lokacin fari, sai ka rubuta kamar haka:

"In 1973 my grandmother was a young wife in Jega. The rains failed and there was little food. One evening a neighbour brought her a bowl of guinea corn. My grandmother wanted to pay, but the woman refused. She has never forgotten that kindness."

Dubi abin da ka samu a nan ba tare da ka sani ba. Was, failed, brought, wanted, refused, duk aikatau ne na abin da ya wuce, kuma shi ne wurin da aka fi zubar da maki a rubutun labari, yaro ya fara da went yana zuwa layi na uku ya koma go. Tunda labarin kaka duk na da ne, dole hannunka ya saba. Ka ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, washegari ka kai wa malamin Turancinku ko wani yaya da ke jami'a ya duba maka waɗannan kawai, kar ka ce ya gyara komai da komai don in shafin ya cika da jan biro gwiwarka za ta yi sanyi.

Mako na biyu ka mai da biyar ɗin goma, ka sa magana a bakin mutane, mi maƙwabciyar ta ce, mi kaka ta amsa. Mako na uku sakin layi uku. A haka kafin zango ya ƙare za ka ga kana cika shafi biyu ba ka ji ba, kuma kana da tarin labarai na gaske a hannu. WAEC na yawan kawo tambayar a rubuta labarin da zai fito da ma'anar wani karin magana, irin su alheri ko haƙuri ko sakayya, ranar nan wasu na cizon biro suna ƙirƙiro ƙarya kai kuwa zaɓa kawai za ka yi cikin na kaka. Kuma ka san yadda ake rabon makin nan 50 na insha'i: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu wato harafi da aya da waƙafi da nahawu, kowane kuskure rabin maki ake cirewa a cikin goman ƙarshen nan. Ka ga kenan gajerar jimla mai lafiya ta fi doguwa mai manyan kalmomi da ka ji a bakin ɗan siyasa ba ka san inda ake aje su ba.

Kwali, da maganin mantuwar ka kai yaro

Mu kan yi wa tsofaffi dariyar mantuwa alhali mu ma gwanaye ne. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada abin a kan kansa ya buga sakamakon a 1885, ya riƙa haddace gaɓoɓin kalma marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa. Cikin awa guda sama da rabi ya zube, bayan kwana ɗaya kamar kashi ɗaya cikin uku ne ya saura, daga nan zubewar ta rage sauri. Amma ya ga in aka waiwayi abin ana ba da tazara, kowane zagaye yana ƙara daɗewa kafin ya gudu. Mu nan wanga ba baƙon abu ba ne, duk wanda ya zauna makarantar allo ya san ba a wanke allo sai an biya, kuma ya san mahaddacin da ya bar tilawa da tishi haddarsa tafiya take yi ko da ya sauke sau nawa. Abin mamaki yaron da ke yin tishi da asuba shi ne zai bar littafin Turanci tun farkon zango sai ana gobe jarrabawa ya ɗauko shi da kofin shayi.

Ga yadda za ka yi. Duk kalmar da ka nema ka rasa lokacin rubuta labarin kaka, a ce drought ko refuse ko grateful, ka samo ta a ƙamus ko wurin malam, ka yanki kwali ɗan daidai tafin hannu, gefe guda ka rubuta kalmar, bayan kuma ka rubuta jimlarka ta kanka da ka sa ta a ciki, ba ma'anar ƙamus ba. Kar su wuce biyar a rana. Ka nemo gwangwani uku ko leda uku. Sabon kati yana shiga na farko, wanda kake dubawa kullum. In ka kalli kalmar ka iya kawo jimla da ita ba ka leƙa baya ba, ta wuce na biyu, shi kuma bayan kwana uku-uku ake buɗe shi. Ta sake tsallakewa, sai na uku, na ranar Juma'a kawai. Ranar da ka kasa ta, ko tana gwangwani na uku, ta dawo na farko ba roƙo. Wani ɗan jaridan Jamus Sebastian Leitner ne ya yaɗa tsarin nan a shekarun 1970, manhajojin koyon harshe da yawa da ke cikin waya a kan irinsa aka gina su, sai dai kwali ba ya cin data kuma ba ruwansa da an ɗauke wuta.

Sirrin yana wurin kar ka leƙa. Karanta abu sau biyar yana sa ka ji kamar ka iya, don idonka ya saba da shi, amma a ɗakin jarrabawa ba ido ake tambaya ba. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta, wasu aka ce su sake karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu sake karatun ne a gaba. Bayan mako guda labari ya sha bamban, masu gwada kansu sun riƙe wajen kashi 56 cikin 100, masu maimaita karatu kashi 42. Don haka in ka karanta shafi, rufe littafin, faɗi abin da ke ciki da bakinka da Turanci ko da ɓaɓɓarke ne, sannan ka buɗe ka ga abin da ka tsallake.

Sai barci. Likitoci na cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke zaunar da abin da ta ɗauka da rana. Mai kwana TikTok har ƙarfe biyu ya tashi asuba, katinsa ba inda za su. Minti 20 bayan sallar asuba da minti 20 kafin kwanciya, wayar na can ɗakin Mama, sun fi maka awa huɗu na daren Lahadi.

Baki, da maganar dariya

Ni dai a ganina abin da ya fi kashe Turancin yaranmu ba rashin littafi ba ne, dariya ce. Yarinya ta miƙe a aji ta ce feeful maimakon people, aji ya kwashe, har a hanyar gida ana kiranta da shi, shi kenan ta kulle bakinta har ta gama makaranta. Kuma masu dariyar su ma da za a tsai da su haka za su faɗa, don bakin Bahaushe bai saba raba p da f ba, th kuma sai ta koma s ko z, in baƙaƙe suka taru kamar a school ko strong sai mu cusa wasali a tsakani. Duk ana gyara su. Riƙe 'yar takarda gaban leɓenka, in ka ce pan leɓe biyu za su haɗu iska ta fashe takardar ta motsa, in ka ce fan haƙoran sama ne za su taɓa leɓen ƙasa. Pan fan, pull full, pool fool, minti uku kullum gaban madubi, zai yi maka amfani a takardar furuci ta WAEC.

Ku haɗu ku uku ko huɗu, kar ku wuce haka, mata nasu maza nasu in hakan ya fi sauƙi a gida. Doka ɗaya ce, ba a dariya kuma ba a katse mai magana. Kowa ya ba da labarin kakarsa na makon cikin minti biyu, in ya gama sai kowa ya faɗi abu ɗaya da ya burge shi, sannan gyara ɗaya tak. In ba halin haɗuwa, saƙon murya a WhatsApp ya wadatar, har ma ya fi ta wani ɓangaren don za ka saurari kanka. Shirin 6 Minute English na BBC kyauta ne, ka sauke guda ɗaya in ka samu data ka yi ta jinsa har mako ya zagayo, ya fi ka sauke ashirin ka ji kowane sau ɗaya.

A zaman nan ne kuma za ku koyi Turancin ladabi, wanda yaranmu da yawa ba su da shi duk da a Hausa sun fi kowa iya gaisuwa. Yaro mai tarbiyya wanda ba ya wuce babba bai durƙusa ba, in ya juya Turanci sai ka ji give me your biro, kamar ɗan fashi. Ku saba da could you please, would you mind, I am sorry to hear that, that was kind of you, let me help you with that. Ku kuma kiyaye borrow da lend, mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa shi ke lend, borrow me kuskure ne duk da kowa na faɗa. Kuma duk abin da ka koya a makon ka koya wa ƙaninka na JS1, nan za ka gane wanda ka iya da wanda kake zaton ka iya.

In mantuwar kaka ta wuce ta yau da kullum

Wagga magana tana iya fito maka a rubutun da ake ba da shi a karanta a amsa tambayoyi, amma ko ba ta fito ba ya kamata ka san ta tunda kai ne mai zama da ita. Tsufa na rage saurin tuno suna da riƙe sabon abu, wanga ba ciwo ba ne, za ta kira sunan jikoki huɗu kafin ta faɗo kan naka, an jima kuma abin da ta manta ya dawo mata. Tarin kalmomi da sanin duniya kuwa ba kasafai suke raguwa ba, shi ya sa karin maganar da ke bakinta ba ka da rabinsa. Amma in ta fara ɓata a unguwar da ta shekara hamsin a ciki, ko ta ci abinci ta ce an hana ta, ko ta rikice a adadin raka'a kullum, ko ta daina gane 'ya'yanta, to wanga shi muke kira gigin tsufa, kuma ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 kuma nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Ba maita ba ce, ba kuma da gangan take yi ba, kuma wallahi abin takaici ne yadda a wasu ƙauyuka ake jifan irin waɗannan tsofaffin da mugun suna. Alƙur'ani ma ya ambaci mai kaiwa shekarun da zai koma bai san komai ba bayan ya sani, a suratun Nahli aya ta 70, ya kuma hana ko tsaki ga iyaye in sun tsufa a suratul Isra'i aya ta 23.

In ka lura da irin haka ka gaya wa Baba ko Mama a kai ta asibiti, don wani lokacin abin da ya kawo ruɗewar mai magani ne, ƙarancin sinadarin B12, matsalar ƙwayar thyroid da ke wuya, mai kawo maƙoƙo, wani magani da take sha, damuwa, ko ma kunne ne ya yi nauyi ba ta jin abin da ake faɗa. Hawan jini da ciwon suga da aka bari ba kulawa su ma suna lalata ƙwaƙwalwa a hankali. Babban asibitin gwamnati a Birnin Kebbi zai iya dubawa, in abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. Kai kuma naka aikin, kar ka yi gardama da ita. In ta tambaye ka abu sau goma ka amsa sau goma da murya ɗaya. In ta kira ka da sunan ƙaninta da ya rasu tun tuni, ka amsa, ka tambaye ta wane irin mutum ne shi, ka samu labarin makon kenan. Kuma tunda tana maimaita labari ɗaya, kai ma ka sake rubuta shi ba tare da ka duba na baya ba, sannan ka jera su biyun ka ga inda Turancinka ya motsa.

In jarrabawa ta rage wata uku, sai ka fara sa wa kanka agogo. Minti 50 ake ba da shawarar a kashe kan insha'i, don haka ranar Asabar ka zaɓi labari ɗaya daga littafin, ka rufe shi, biyar na farko ka tsara abin da zai zo a kowane sakin layi, arba'in ka rubuta, biyar na ƙarshe ka bi aikatau ɗaya bayan ɗaya kana duba ko wani ya zame ya dawo yanzu. Mako mai zuwa ka juya labarin nan ya zama wasiƙa zuwa ga aboki, na gaba ya zama maƙala kan yadda ya kamata matasa su riƙa kula da tsofaffi, na gaba kuma ka matse shi cikin jimla uku don sabawa da sashen taƙaitawa. Ka riƙa ƙirga kalmominka har idonka ya san tsawon da 450 ke kaiwa da irin rubutun hannunka, don a ɗakin jarrabawa ba ka da lokacin ƙirga.